Yadda ake zaɓen man shafawa na ciwon jiki ba tare da an yi asarar kuɗi ko fata ba

Yawancin masu zuwa farmasi ko kanti neman man zafi a Maradi tambaya ɗaya suke yi: wanne ya fi zafi? Mai kabu-kabun da ƙugu ya riƙe shi, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da yaron da ya yi targaɗe a filin ƙwallo, duk abu ɗaya suke nema, alhali kuwa kowannensu da irin man da ya dace da shi. Zafin da fata ke ji bayan shafawa ba shi ne ke nuna ƙarfin magani ba. Man da ya fi aiki a kan kumburin gaɓa ma ba ya zafi ko kaɗan. Abin da ake dubawa shi ne sinadarin da ke ciki, da irin ciwon, da kuma wanda zai shafa.

Mataki na farko: tantance ciwon tun kafin ka fita daga gida

Ka tambayi kanka abu uku: yaushe ya fara, ina ne daidai wurin, kuma akwai kumburi ko babu. Ciwon da ya zo yau ko jiya sakamakon faɗuwa, bugewa ko gurɗewar ƙafa, sabon rauni ne. Wanda ya daɗe watanni a gwiwa ko a yatsu, yana tsananta da safe ko lokacin hunturu, galibi amosanin gaɓoɓi ne, wanda mutane ke ce wa sanyin ƙashi. Tsamin jiki bayan wunin noma, ɗaukar buhuna a kasuwa ko doguwar tafiya a kan babur kuwa gajiyar tsoka ce. Akwai kuma ciwo mai raɗaɗi kamar wuta ko sukar allura, wani lokaci da mutuwar wurin, wannan na jijiya ne.

Wasu ciwukan ba na shafe-shafe ba ne sam, asibiti ake kai su. Idan bayan faɗuwa mutum ba ya iya taka ƙafar ko taku huɗu, ko ƙashin ya karkace, sai an ɗauki hoto. Gaɓar da ta kumbura ta yi ja ta ɗauki zafi tare da zazzaɓi tana iya zama ta yi ruwa a ciki. Sanƙarewar wuya da zazzaɓi da ciwon kai, musamman daga Fabrairu zuwa Mayu, a yi tunanin sanƙarau kafin a yi tunanin kwanciya ce ba daidai ba. Ciwon ƙirji mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, kumburin sha-raɓa guda ɗaya mai zafi, ciwon baya da ke tafe da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, da ciwon bayan da ya zo da rama da gumin dare, duk ba a ɓata musu lokaci da murza. Sha-raɓar da ta kumbura ma murzar ce ke da haɗari, domin idan gudan jini ne yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

Mataki na biyu: juya kwalin ka karanta sinadarin

Sunan da aka rubuta da manyan haruffa na kasuwanci ne. Abin da kake nema yana ƙasa da shi ko a gefe, inda aka rubuta Composition. Da yake kaya na shigowa Maradi ta hanya biyu, na farmasi masu rubutun Faransanci da masu zuwa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa masu rubutun Ingilishi, sunayen kan ɗan bambanta a rubuce, amma mai duba da kyau zai gane su.

Mayukan sun kasu kashi huɗu. Kashi na ɗaya su ne masu rage kumburi. A nan ake samun diclofénac, wanda aka fi sani da sunan Voltarène Emulgel mai ƙarfin 1%, da ibuprofène mai 5%, da acide niflumique da ke cikin Niflugel 2,5%, da kétoprofène 2,5% irin Ketum da Fastum. Waɗannan dangin ƙwayoyin diklofenak da ibuprofen ne da ake sha, sai dai ta fata suke shiga. Suna hana jiki haɗa sinadarin da ke kawo kumburi da ciwo a wurin. Amfaninsu shi ne abin da ke kaiwa jini kaɗan ne: na jel ɗin diklofenak bai wuce kusan kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwayar sha ke kaiwa ba. Shi ya sa ga dattijo mai ciwon gwiwa, ko wanda ƙwayoyin ke tayar masa da gyambon ciki, jel ya fi sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Suna aiki sosai a gaɓoɓin da ke kusa da fata: gwiwa, idon sawu, wuyan hannu, yatsu, gwiwar hannu. Gaɓar cinya da ke can ciki ƙarƙashin nama mai kauri kuwa maganin ba ya isa gare ta, ko an shafe tub guda.

Kashi na biyu su ne ainihin man zafi, su Robb, Aboniki, mantaleta, Baume du Tigre da Deep Heat. Abin da ke cikinsu shi ne menthol, da kafur wanda ake rubutawa camphre ko camphor, da salicylate de méthyle, sai wasu mayukan itatuwa irin na turare da kanumfari. Aikinsu a kan jijiyoyin fata yake: suna sa a ji sanyi sannan ɗumi, sai ƙwaƙwalwa ta shagala da wannan ta rage jin ciwon da ke ƙasa. Ba ƙarya ba ne, ana samun sauƙi, kuma murzar da ake yi wajen shafawa tana sassauta tsoka. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, ba sa saukar da kumburin gaɓa yadda kashi na ɗaya ke yi. Ga tsamin jiki da riƙewar kafaɗa ko ƙugu bayan aiki sun wadatar, kuma sun fi araha.

Akwai wasu jel, yawancinsu 'yan Indiya, da suka haɗa kashi biyun a tub guda: diklofenak 1,16%, salicylate de méthyle 10%, menthol 5%, da man linseed 3%. Suna da yawa a kasuwa kuma mutane na son su saboda suna zafi. Wanda ya saye su ya sani duk wata ƙa'ida ta kashi na ɗaya da ta na biyu ta hau kansa.

Kashi na uku shi ne capsaïcine, sinadarin da ke sa barkono yaji, mai ƙarfin 0,025% ko 0,075%. Ana amfani da shi ga amosanin gaɓa da ciwon jijiya da ya daɗe. Ba ya aiki da shafawa ɗaya. Sai an yi sau uku zuwa huɗu kullum, mako biyu zuwa huɗu, kafin a ga amfaninsa, kuma kwanakin farko raɗaɗi yake yi. Mai shafa shi yau ya bar gobe ba abin da zai samu sai raɗaɗin. Na huɗu, lidocaïne, mai kashe jin wuri na ɗan lokaci, gara a bar wa likita ya ce a saya.

Wani kuskure da ake yawan yi: a karɓi tub mai bétaméthasone ko clobétasol a matsayin maganin ciwon gaɓa. Waɗannan na cututtukan fata ne, su ne kuma ake zubawa a man bilicin. Ba sa taɓa ciwon tsoka, sai dai su sirantar da fata.

Mataki na uku: haɗa ciwon da maganin

Sabon targaɗe ko bugewa: kwana biyu zuwa uku na farko ba a sa man zafi, ba a gasawa da ruwan zafi, ba a murzawa da ƙarfi. Wurin yana zubar da jini a ciki, ɗumi kuwa buɗe hanyoyin jini yake yi, kumburin ya ƙaru. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji in an kwanta, sannan a shafa jel ɗin diklofenak ko ibuprofen a hankali. Mai ciwon sikila shi kam ba a ɗora masa ƙanƙara, domin sanyi na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Gwiwa ko yatsun da suka daɗe suna ciwo: jel ɗin diklofenak shi ne na farko. Kada a yanke masa hukunci da kwana biyu, yakan ɗauki kusan mako guda kafin a ji bambanci sosai. Tsamin jiki da gajiyar tsoka: man zafi na gwangwani ya isa, kada a kashe kuɗin jel mai tsada. Ciwon baya na ƙasa kuwa, gaskiya ita ce babu man da ke yin abin mamaki a kansa. Man zafi da tausa suna ba da sauƙi, amma ci gaba da motsi da gyara yadda ake ɗaga kaya sun fi kowane tub.

Kétoprofène na buƙatar magana ta musamman a gari irin Maradi. Yana aiki ƙwarai, amma idan rana ta taɓa wurin da aka shafa, fatar wasu kan yi ja, ta yi ƙuraje masu ruwa kamar ƙuna, wani lokaci har ya bazu zuwa inda ba a shafa ba. Dole a rufe wurin da tufa duk tsawon shafawar da ƙarin mako biyu bayan an daina, ko da hadari ne a sama. Saboda wannan matsalar ne a 2010 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a sayar da shi sai da takardar likita. Manomi, magini, mai kabu-kabu ko mai lambu a Jirataw da ke wuni a rana, in har ciwon a wuyan hannu ne ko idon sawu, ya nemi wani jel ɗin kawai.

Mataki na huɗu: duba wanda zai shafa

Mai juna biyu ba ta shafa masu rage kumburi daga farkon wata na shida, ko da jel ne, saboda suna iya taɓa zuciya da ƙodar ɗan da ke ciki. Kafin wata shida ma sai da izinin likita ko ungozoma. Salicylate de méthyle dangin asfirin ne, shi ma ta kauce masa. Mai shayarwa ba ta sa kowanne a nono ko kusa da inda bakin jariri ke kaiwa.

Yara su ne aka fi cutarwa da man zafi, kuma da kyakkyawar niyya. Kafur da menthol ba a shafa su ga yaron da bai kai wata 30 ba, ko wanda ya taɓa yin jijjiga. Ba a sa su a hanci, ba a sa su a cibiyar jariri, ba a narka su a ruwan zafi a ba yaro ya sha don mura. Kafur kaɗan da yaro ya haɗiye yana iya jefa shi cikin jijjiga kafin awa biyu. Man salicylate de méthyle zalla kuwa, ƙaramin cokali ɗaya na shayi, mil 5, ya yi daidai da asfirin gram 7, wato ƙwayoyin manya sama da 20. Jel ɗin diklofenak an rubuta a takardarsa ba na 'yan ƙasa da shekara 14 ko 15 ba ne, ya danganta da kamfanin.

Wanda asfirin ko ibuprofen ke tayar wa asma, ko ya sa masa borin jini da kumburin fuska, ya nisanci kashi na ɗaya da duk mai salicylate. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarine ko Sintrom ya gaya wa mai farmasi tun kafin a miƙo masa komai, don salicylate ɗin da ke shiga ta fata yana ƙara haɗarin zubar jini. Mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki mai tsanani ya tambayi likitansa, musamman in wurin da zai shafa yana da faɗi. Mai ciwon suga da ƙafafunsa suka mutu, da wanda kuturta ta taɓa wa jijiya, ba sa jin lokacin da fata ta fara ƙonewa, saboda haka man zafi ba nasu ba ne a waɗannan wuraren.

A farmasi, maimakon "a ba ni man zafi mai kyau", ka faɗi abin da ake buƙatar ji: "Malam, na Inna ne, shekarunta sun haura 60, gwiwa ce wata uku ke nan, tana shan maganin hawan jini, kuma tana da olsa." Da wannan bayanin ne ake zaɓa maka daidai. Ka kuma tambayi ko akwai jenerik, wato irin maganin da wani kamfani ya yi ba da babban sunan ba. Diklofenak 1% na jenerik da na babban suna sinadari ɗaya ne, farashin ne ya bambanta.

Mataki na biyar: duba kayan da kansu

Duba ranar lalacewa, inda aka rubuta EXP da wata da shekara, da lambar Lot, wato lambar rukunin da aka haɗa tare a kamfani. Su zama iri ɗaya a kan kwali da kuma a gindin tub ɗin inda aka matse. Bakin tub ya kasance a liƙe. Na Najeriya ya zo da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ko da yake masu jabu ma suna buga lamba, don haka wurin saye ya fi lambar muhimmanci. Yawancin waɗannan magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, zafin Afrilu da Mayu a Maradi kuwa yana haura 40. Tub ɗin da ya wuni a kan tire ko baro a tasha ya riga ya dahu ko da ranarsa ba ta cika ba. Idan aka matsa ruwa ya riga fitowa, ko launi ya sauya, ko jel ya tsinke, a bar shi. Man da aka ɗura a kwalbar da ba ta da rubutu ana yawo da shi a kasuwa ana cewa yana maganin sanyi da basir da ciwon haƙori a lokaci guda, ba wanda ya san abin da ke ciki, har mai sayarwar.

Kwatanta farashi da nauyi ake yi. Ka raba kuɗin da gram ɗin da aka rubuta: tub mai gram 20 da ya yi kamar araha sau da yawa ya fi mai gram 50 tsada.

Mataki na shida: shafawa

A nan ne magani mai kyau ke zama banza. A wanke wurin a tsane shi. Fatar ta zama lafiya lau: ba rauni, ba ƙuraje, ba faso ko kaushin hunturu da ya tsage, ba tsagar wanzami ko wurin da aka yi ƙaho.

Adadin jel ɗin diklofenak 1% shi ne gram 2 zuwa 4 a kowace shafawa, sau uku zuwa huɗu a yini. Hanyar aunawa: layin jel daga kan manuniya zuwa gaɓar farko kusan rabin gram ne. Layi huɗu ke nan ga wuyan hannu ko gwiwar hannu, layi takwas ga gwiwa. Ibuprofen 5% ana matso tsawon santimita 4 zuwa 10, a bar aƙalla awa huɗu tsakani. Yi lissafi: gram 2 sau uku kullum na kwana bakwai gram 42 ne. Wato tub mai gram 50 na mako guda ne. Wanda tub ɗinsa ya yi wata biyu yana cewa maganin ba ya aiki, bai taɓa shafa adadin ba. Man zafi kuma akasin haka ake yi masa, ana lafta shi. Shi kaɗan ake ɗiba, a baza shi siriri, kada ya wuce sau uku ko huɗu a yini.

A murza a hankali har ya shige, a jira minti goma kafin a sa tufa, kuma kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan awa guda. Ga masu ciwon wuyan hannu, gwiwar hannu ko idon sawu, alwala na wanke maganin. Mafita ita ce a riƙa shafawa da an idar da salla: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. Hakan ma yana hana mantuwa.

A wanke hannu da sabulu nan take, sai in hannun ne ake yi wa magani. Wanda ya shafa man zafi ko na barkono ya je tsarki ko ya wanke fuska bai sa sabulu ba, ba zai so ya maimaita ba. Ragowar kétoprofène a yatsu ma yana iya ƙona bayan hannu a rana.

Abu uku ke kawo ƙuna. Na ɗaya, ɗaure wurin tamau da bandeji ko leda bayan shafawa, wanda ke sa maganin shiga fiye da kima. Na biyu, haɗa shi da zafi: gashi da tsumma, kwalbar ruwan zafi, zama dab da kaskon garwashi, ko shafawa da fitowa daga wankan ruwan zafi irin na jego. Na uku, ɗora wani man a kan wani. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa an samu ƙuna mai tsanani daga irin waɗannan mayuka, akasari masu menthol sama da 3% da salicylate de méthyle sama da 10%, wasu ma daga shafawa ɗaya. Jel da yawa kuma suna da alkol a ciki, don haka a bari ya bushe kafin a matsa kusa da murhu ko a kunna taba.

Kada a haɗa jel ɗin diklofenak da ƙwayoyin diklofenak ko ibuprofen na sha ba tare da likita ya ce ba. Ƙwayoyin gajiya da ake sayarwa a haɗe a ƙulle cikin leda galibi da su a ciki. In ana buƙatar ƙari, farasitamol ya fi dacewa: babba ya sha mg 500 zuwa gram 1, awa shida tsakani, kada ya wuce gram 3 a yini.

In abu ya ɓaci

Ɗumi da ɗan ja ba komai ba ne. Raɗaɗi mai ƙaruwa, kumburi ko bororo kuwa alamar a wanke ne da sabulu da ruwa mai sanyi, a daina. Kada a fasa bororon, a kai shi a duba. Na barkono ruwa kaɗai ba ya fitar da shi: a goge da man gyaɗa tukuna, sannan a sa sabulu. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15. Yaron da ya lashe ko ya haɗiye man zafi, kada a sa shi amai, kada a ba shi madara ko manja, domin maiƙo na taimaka wa kafur shiga jini. A ɗauke shi tare da gwangwanin zuwa asibiti mafi kusa ko da yana wasansa.

Sabon rauni da bai yi sauƙi ba bayan kwana bakwai na shafawa daidai, ko wanda ke ƙaruwa, a kai shi likita. Ciwon gaɓa na dindindin kuma kada a wuce mako biyu zuwa uku ana shafawa ba tare da an je an duba ba, a auna hawan jini da ƙoda in za a ci gaba. Tub ɗin da aka buɗe a rubuta ranar buɗewa a jikin kwalinsa, a rufe bakinsa da kyau, a sa shi a ɗakin da ya fi sanyi, a saman kabad inda hannun yara ba ya kai.